Yadda Za Ka Gyara Sautin Sitiriyon Gidanka Ba Tare da Ka Sauya Lasifika Ba

Wata Asabar cikin hunturun bara yayana ya kira ni daga Rikkos, nan cikin Jos, ya ce in zo in raka shi Ahmadu Bello Way ya sayo sababbin lasifikoki. Nasa na hannu ne, 'yan Kwatano, masu akwatin katako mai nauyi da sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga. Ƙorafinsa shi ne sautin ya shaƙe. In mawaƙi na waƙa sai ka ji kamar daga cikin randa yake, ganga kuma ta zama gunji kawai. Da na shiga falon sai na tarar da lasifika ɗaya a kusurwa bayan kushin, ɗayar kuma can saman shogilas kusa da silin. Wayar da ta haɗa su siririya ce kamar zare, an yi mata ɗori wuri uku, an kuma murɗe maɓallin bes, wato sauti mai kauri, har ƙarshe.

Na ce, "Yaya, ka ba ni zuwa La'asar. In bai gyaru ba sai mu tafi kasuwar."

Ya ce, "To, ga ka ga su."

Ba mu je kasuwar ba. An bar jaki ne ana dukan taiki, domin abin da kunne ke ji a ɗaki ba lasifika kaɗai ke yin sa ba. Akwai inda aka ajiye ta, akwai bango da tayil, akwai waya, akwai wuta, akwai kuma ita kanta waƙar da aka sa. Ga yadda nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci: a fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Kayan aikin ba yawa: tef ɗin awo irin na tela ko na kafinta, sukudireba, batirin rimot mai bolt 1.5, ƙaramin madubi, bargo biyu masu kauri, da mutum ɗaya da zai taya ka. Sai ka zaɓi abin gwaji guda uku da ka san su kamar yunwar cikinka. Na farko muryar mutum zalla, kamar karatun Alƙur'ani ko mai karanta labarai. Na biyu kiɗa mai kaifi, irin na kuntigi ko kukuma. Na uku mai ganga da nauyi, kalangu ne ko kiɗan zamani. Kada ka sauya su har ka gama, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda. Ka canza abu ɗaya, ka zauna, ka saurara, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza abu huɗu tare ba zai san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba.

Mayar da maɓallai tsakiya

Kafin komai, mayar da BASS da TREBLE da BALANCE tsakiya. In kana da ikwalaiza mai 'yan sanduna, jera su a layin sifili. Kashe LOUDNESS da duk wani abu mai suna irin MEGA BASS ko SURROUND, haka ma ikwalaizar da ke cikin wayar hannunka. Minti biyar na farko za ka ji kamar miya ba gishiri. Ka daure, kunne ne ya saba da yaji.

Dalilin na lissafi ne. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar amfilifaya ta ninka ƙarfinta, ƙarin desibel 6 ninki huɗu, desibel 10 kuwa ninki goma. Wanda ya murɗe bes har ƙarshe ya ɗora wa amfilifaya kayan da ya fi ƙarfinta. Sai ta fara yanke kan sautin, ka ji yana karcewa, kuma wannan karcewar ce ke ƙona tuwita, wato ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti. Shi LOUDNESS ba abin banza ba ne. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunnen ɗan Adam ba ya kama bes sosai. Don haka aka yi maɓallin ya ƙara bes, domin sauraron dare in yara sun yi barci. In ka ɗaga murya, kashe shi.

Waya: ja da ja, baƙi da baƙi

Kashe amfilifaya ka zare ta daga soket kafin ka taɓa wayar lasifika. Duba bayan kowace lasifika da bayan amfilifaya. Jan kai, mai alamar +, ya tafi ga jan kai, baƙi ga baƙi, a ɓangarorin biyu. Idan aka juya guda ɗaya, to lokacin da wannan lasifikar ke tura iska gaba, waccan ja take yi baya, sai su cinye bes ɗin juna, murya kuma ta rasa mazauni, ka ji ta tana yawo a ɗaki. Wannan kuskuren shi na fi tararwa a gidajen mutane, kuma shi ne na tarar a na yayana.

In wayar ba ta da alama, ga dabarar batir. Cire wayar daga amfilifaya, ka bar ta a jikin lasifika. Cire ragar gaba domin ka ga fayafayin. Taɓa bakin wayoyin biyu a kan batirin na ɗan ƙiftawar ido kawai. Idan babban faifan ya turo waje, wayar da ke kan + na batirin ita ce +. Ɗaura mata ƙulli ko ka naɗa mata salatif. Yi wa ɗaya lasifikar haka.

Sai kaurin waya. Ba ka buƙatar waya mai tsada da ake yi wa kirari. Wayar wuta ta jan ƙarfe zalla mai silli-silli, milimita 1.5, ta ishi yawancin faluka. In tsawon ya haura mita bakwai ko takwas, ko lasifikarka mai om 4 ce (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta), ɗauki 2.5. Matsalar kasuwa ita ce wayar alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda a ido ba ka bambanta ta. Kankare silli ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: in cikin ya fito fari, alminiyom ne, kuma alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin karyewa. Ka sayi tsawon da zai isa ba ɗori. Feƙe sabon baki kamar santimita ɗaya, murɗe sillayen su haɗe, ka ɗaure tam. Ka duba da kyau kada silli ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa, domin silli guda ya isa ya ƙona amfilifaya.

Wani abu kuma: kada ka jibga lasifikoki da yawa a kai ɗaya. Biyu masu om 8 in aka haɗa su a wuri guda sun koma om 4, biyu masu om 4 sun koma 2, kuma duk lokacin da om ya ragu, nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa yake. Duba abin da aka rubuta a bayan amfilifayarka. In tana zafi kamar dutsen guga ko tana ɗaukewa da kanta, fara zargin wannan.

Inda lasifika za ta zauna

Nan ne aikin yake, nan ne kuma za ka ɓata mafi yawan lokacinka. Ni a ganina rabin gyaran duka yana nan.

Fara da zaɓen kujerar da ka fi zama. Kai da lasifikokin biyu ku zama kamar duwatsun murhu: tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kanka. A matsakaicin falo, mita biyu zuwa biyu da rabi ya yi. Auna da tef, kada ka yarda da ido. Bambancin taƙi ɗaya ya isa ya janye murya zuwa gefe guda, saboda kunne yana bin sautin da ya riga iso masa.

Sai tsayi. Tuwita ta yi daidai da kunnenka a yadda kake zama. Siririn sauti miƙewa yake kamar hasken tocila, ba ya lanƙwasa ya zagaya kushin. Wanda ya ɗora lasifika kusa da silin ya aika wa fanka zaƙin, shi kuma ya zauna da dusar. In a kan kujera kake sauraro, wajen mita ɗaya ne daga ƙasa. In kuwa gidanku irin namu ne da aka fi zama a kan kafet, zauna yadda ka saba, a auna daga ƙasa zuwa kunnenka. Don gwaji, bulo ko kujerar tsugunno sun wadatar. In ka tabbatar da tsayin, kafintocin Kasuwar Katako za su haɗa maka mazauni. Ka ce a yi shi da nauyi, kada ya yi rawa. In an bar masa rami a ciki a ɗura busasshen yashi, ya fi. Tsakanin akwatin da mazaunin, sa 'yan gutsattsarin roba huɗu, ko na tsohon silifas ne.

Yanzu bango. Duk bangon da ke kusa da lasifika yana ƙara mata bes, kusurwa kuwa ta fi kowanne, domin bango biyu ne ga ƙasa. Amma ba bes mai daɗi ba ne, irin wanda ke sa kalangu ya rasa harshensa ne, ka daina jin hawa da saukarsa. Fito da ita daga kusurwa. Bar kamar santimita 40 tsakanin bayanta da bango, ka sa waƙar ganga, ka saurara. Matso da ita gaba da faɗin tafin hannu, ka sake saurara. Ci gaba a haka har ka iso inda kowane bugu ke fita daban, ba ya jan wutsiya. In ka wuce wurin, za ka ji sautin ya rame, sai ka koma baya kaɗan. Ka lura kada tazararta da bangon gefe ta zo daidai da tazararta da bangon baya. In akwatin yana da ramin iska a baya kuma ɗakin ya yi ƙanƙanta da za a matso da shi, cusa safa mai tsabta a ramin, ba da ƙarfi ba. Bes zai ragu, amma zai tsaya da ƙafarsa.

Daga nan karkato da fuskokinsu kaɗan su dubi kujerarka. Sa muryar mai karatu, rufe ido. In komai ya zauna, za ka ji muryar tana fitowa daga tsakiya, daga wurin da babu lasifika ko ɗaya, kamar mutum na zaune a gabanka. Lokacin da yayana ya ji haka sai ya buɗe ido ya dubi talabijin, ya ce, "Kai, ƙane, ba ka kunna ta nan ba kuwa?" Talabijin a kashe take. In muryar ta bazu, ƙara karkatowa. In komai ya dunƙule a tsakiya ba faɗi, sassauta.

Akwai wata matsala ta ɗakunanmu da ya kamata a sani. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma kowane ɗaki yana da muryar da yake amsawa gwargwadon tsawonsa. Ɗaki mai ƙafa 12, wato wajen mita 3.7, yana amsawa a kusan haz 47, ma'ana kaɗawa 47 a daƙiƙa, sauti ne mai kauri. In kuma sha biyu ne ta kowane gefe, kamar yadda ake yawan gina ɗakunan haya, tsawo da faɗi duka murya ɗaya suke amsawa, sai abin ya ninku. A jikin bango wannan sautin yana kumbura, a tsakiyar ɗaki cif kuma yana ɓacewa. Gwada da kanka: sa kiɗa mai nauyi ka taka a hankali daga bango zuwa tsakiya. Mu kuwa al'adarmu a jera kujeru a jikin bango. Ba na cewa a birkita falon uwargida, amma kujera ɗaya tak in aka matso da ita ƙafa ɗaya ko biyu, za a ji bambanci. In ba hali, rataya wani abu mai kauri a bangon da ke bayan kanka.

Masu hom tiyata mai ƙananan lasifikoki biyar, ku daina jera su duka a kan teburin talabijin. Biyu hagu da dama, ta tsakiya a ƙarƙashin allo, biyun baya a gefe ko bayan kujera. In ba wurin kai su, ka sa na'urar a STEREO. Ita wufa kuwa, wato akwatin da ke fitar da bes, ɗora ta a kan kujerarka, sa kiɗa, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurara. Inda bes ya fi fita sumul, nan ne mazauninta.

Ɗakin kansa

Tsaya a tsakiyar falo ka yi tafi ɗaya mai ƙarfi. In ka ji wani zirrr ya biyo baya, ɗakin yana amsa kuwwa. Gidajen yanzu, daga Rayfield har sababbin gine-ginen Bukuru, tayil ne a ƙasa, siminti mai santsi a bango, silin mai tauri, ga teburin gilashi a tsakiya. Kyau a ido, amma sauti tsalle yake a kansu kamar ƙwallo, ya iso kunnenka sau biyu sau uku, kalmomi su haɗe.

Mu mutanen Jos muna da sa'a ɗaya: ba gidan da ba bargo. Kafin ka kashe kuɗi, gwada da shi. Shimfiɗa ɗaya a ƙasa tsakaninka da lasifikokin, ka janye teburin gilashin. Sannan zauna a kujerarka, mai taya ka ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsayin kunnenka. Inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan sauti ke dukan bango ya dawo maka. A riƙe bargo a wurin, ka saurara. In ya yi maka, sai ka nemi abin dindindin: kafet mai kauri a ƙasa, labule mai nauyi da ninki a taga, darduma ta ado ko kantar littattafai a bango. A ɓangaren gwanjo na Katako ana samun labule da barguna masu nauyi da sauƙin kuɗi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya yin abin kirki, ga shi makamashin gobara ne. Kada kuma a wuce gona da iri a lulluɓe ko'ina, ɗakin zai mutu, sautin ya zama ba rai.

Sai farautar masu kaɗawa. Sa kiɗa mai nauyi ka zagaya kana dafa abubuwa: gilashin luba, tangaran da kofunan da ke cikin shogilas, hoton bango, ƙofar kabad, silin na roba. Abin da ka dafa ƙarar ta tsaya, shi ne mai laifin. Ɗan ƙyalle ko takarda a ninke ya isa. Mutane da yawa sun yanke wa lasifika hukuncin fashewa alhali faranti ne ke rawa. Duba ita ma lasifikar: ɗaure sukurorin da ke riƙe da fayafayin, a hankali, kada ka cinye katakon. In soson da ya zagaye bakin faifan ya ruɓe, mai gyaran rediyo zai sa sabo ba sai an yar da ita ba.

Abin da kake ba ta

Lasifika ba ta ƙirƙirar abin da ba a ba ta ba. Waƙar da aka tatso daga bidiyo, aka matse, ta riga ta zubar da rabin kayanta a hanya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai 320 yana da kyau ƙwarai, mai 128 a lallaɓa, abin da ya gaza haka kuwa za ka ji kuge da tafi suna shuu kamar ruwa a kwano. In za a tura maka waƙoƙi a kati, ka tambayi nauyinsu. Waƙar minti biyar a 320 takan kai megabait 12, in ka ga 2 ko 3 ka san an matse ta. In ta intanet kake ji, shiga saitin manhajar ka ɗaga inganci.

Bluetooth yana sake matse sautin kafin ya aika, don haka in kana zaune wuri ɗaya, igiyar AUX ta fi. In wayar hannunka ba ta da ramin iyafis, ɗan adaftan USB-C mai kyau ya wadatar. Ɗaga muryar wayar kusa da ƙarshe, ka riƙa sarrafawa daga amfilifaya. Kada ka soka igiyar a ramin PHONO ko MIC, ba nata ba ne, sautin zai fashe. Mai son haɗa talabijin ta ramin OPTICAL da ƙaramin akwatin juya sauti, ya shiga saitin talabijin ya zaɓi PCM, in ba haka ba shiru zai ji ko ƙara.

Wuta da ƙura

Wutarmu bolt 230 ce mai haz 50, kuma wannan huuum da kake ji ko ba waƙa, yawanci ita ce ta sato hanya. Zare duk igiyoyin da ke shiga amfilifaya, ka bar na lasifika kawai. In ƙarar ta tsaya, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai kawo ta. Sau da yawa dikoda ce, ta igiyar dish. Haɗa talabijin da dikoda da amfilifaya a soket ɗaya, raba igiyoyin sauti da na wuta, nisanta cajar waya da sitabilaiza daga amfilifaya. In ta ƙi, akwai ɗan abin da ake sakawa a igiyar sauti mai yanke irin wannan ƙarar, ana ce masa ground loop isolator. Kada ka kuskura ka karya ƙafar filogi ta uku don kashe ƙara, ita ce ke tsakaninka da jan wuta. In kuma ƙarar na nan bayan ka zare komai, ciwon na ciki ne, galibi kafasitocin da suka tsufa. Kai wa mai gyara, kada ka buɗe da kanka, domin suna riƙe wuta ko bayan an kashe.

Inbata mai arha da ƙaramin janareta kan sa amfilifaya zuuu da zafi, inbata mai tsabtatacciyar wuta ita ta dace da kayan sauti. In amfilifayarka ta hannu ce, karanta bayanta kafin ka soka: ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, sai da taransifoma mai rage wuta. Da damina kuma, kowa ya san tsawar Jos. In hadari ya haɗo, zare filogi da igiyar dish gaba ɗaya, kashe maɓalli kawai bai isa ba.

Ƙurar hunturu ita ke sa maɓallin murya ƙarat-ƙarat, ko ɓangare ɗaya ya riƙa ɗaukewa. A kashe na'urar, murɗa maɓallin gaba da baya sau ashirin ko talatin. In bai daina ba, a fesa masa maganin wanke maɓalli na kayan lantarki, ban da man inji ko kananzir. Goge kawunan igiyoyi da ɗan sifirit. Ka rufe amfilifaya da ƙyalle in ba ta aiki, ka yaye in ka kunna, kada kuma ka ɗora dikoda a kan ramukan shan iskarta.

Bayan duk wannan ne za ka koma ga BASS da TREBLE. In akwai abin da ya dame ka, fara da rage wanda ya yi yawa kafin ka ƙara wanda ya gaza, kuma ɗan taki ɗaya ko biyu ya isa.

Da ka samu mazaunin da ya yi maka, manna salatif a ƙasa daidai kusurwoyin kowace lasifika da ƙafafun kujerarka, ka kuma rubuta awon a takarda ka liƙa a bayan amfilifaya. Gobe da safe za a yi shara, kuma mai shara bango zai tura su. A gidan yayana sai da muka kira matarsa da yaran muka nuna musu alamun, muka zaunar da ita a kujerar ta ji karatun da kunnenta. Ta ce a bar mata kafet ɗin ta zaɓo da kanta, ranar Litinin za ta shiga kasuwar Taminus.